Karan Awo da Wutar Barau

An yi wani sarki a wata ƙasa ta bakin kogi wadda ake kiran babban birninta Marmara, sunansa Tanimu. Allah ya hore masa ilimi da kaifin basira da ƙaunar talakawansa, amma ya hana shi abu guda, wato natsuwa. Idan ya zauna a fada sai ka ga ƙafarsa na rawa a ƙarƙashin riga, idan aka soma kawo masa magana kafin a kai tsakiya ya tambayi ƙarshenta, idan aka faɗi ƙarshen kuma ya ce a koma farko domin bai gamsu ba. Fadawansa sun ce ba su taɓa ganin ya cinye goro ɗaya a wuri ɗaya ba. Abin da ke hana shi sakat kuwa tambaya ce guda da yake ta juyawa a ransa safe da yamma: shin ƙasar nan gaba take yi ko baya?

To, ya kai mai karatu, bari in ɗan tsaya in bayyana maka wata al'ada ta mutanen Marmara, domin in ba ka san ta ba hikayar nan ba za ta shige ka ba. Ƙasarsu ta rake ce da auduga da gyaɗa, saboda haka ta zama ƙasar injuna. Akwai injin matsar rake wanda doki ke juyawa a dafa mazarƙwaila, akwai na gurzar auduga da na tatsar mai, ga kuma garmar shanu da amalanke, kuma duk maƙeran birnin ne ke zuba su su ƙera su. Wanda ke son a yi masa aiki ba ya zuwa da baki kawai. Sai ya yanko karan dawa daidai awon babban ƙarfen da yake bukata, ya tsaga shaidar gidansa a jikin karan da wuƙa, ya miƙa wa maƙeri. Maƙeri ya kara shi a bango ya zana awon da gawayi, shi ke nan magana ta ƙullu, ba rantsuwa ba kiran shaidu. Wannan shi suke kira karan awo.

A zamanin mahaifin Tanimu wani malami ya yi tsokaci cewa rumbu labarin bara yake bayarwa, cikar kasuwa kuma labarin yau, amma mutumin da ya ce a zuba masa injin da sai ya shekara uku yana aiki kafin ya ga moriyarsa, to wannan ya faɗi abin da zuciyarsa ke hangowa game da gobe, kuma da dukiyarsa ya faɗa, ba da fatar baki ba. Daga nan aka kafa doka cewa duk safiyar da wata ya kwana ɗaya, maƙera su tattaro karan awon da aka kawo musu cikin watan da ya wuce, su kai fada a ƙidaya. Tsohon sarki yakan ji adadin ya gyaɗa kai, ba ya cewa uffan sai ya haɗa na wata uku ya duba. Shi kuwa Tanimu ya mai da abin ci da shansa. Tun wata na da kwana ashirin da bakwai yake aika mutane su hau tudu su duba sama, alhali ya san babu abin da za su gani. In kara ya ragu da goma ya ƙi cin abinci ya tuɓe Sarkin Kasuwa, in ya ƙaru da goma ya sa a yi kiɗa ya mai da shi.

Ana nan sai wata shekara kara ya soma hawa irin hawan da ba a taɓa gani ba. Watan farko aka ƙidaya ɗari biyu, na biyu ɗari biyu da casa'in, na uku kuwa da Waziri Mu'allayiɗi ya miƙe ya faɗi adadin sai da ya maimaita, domin ɗari huɗu ne da goma sha biyu. Sarki ya tashi tsaye, ya zauna, ya sāke tashi. Ya ce a kawo riguna a sa wa kowane babban maƙeri, a kuma kira makaɗa.

A cikin maƙeran akwai wani dattijo mai suna Barau, talaka ne liƙis, hannuwansa duk tabon ƙuna, amma babu wanda ya kai shi sanin ƙarfe a birnin. Abin da ya mallaka na alfahari a duniya wutar maƙerarsa ce, wadda ya gada tun daga kakansa na bakwai, kullum ana rufe ta da toka a tone ta da safe, ba ta taɓa mutuwa ba. A Marmara kuwa babu hukuncin da ya fi tsanani ga maƙeri irin sarki ya sa a zuba wa wutarsa ruwa, domin daga ranar babu mai sāke kai masa kara, shi da zuriyarsa.

Da aka zo kan Barau ya durƙusa ya karɓi riga da hannu biyu ya yi godiya, amma da ya koma wurin zamansa sai ya dubi tarin karan nan ya girgiza kai. Da wani sarkin ne, da bai lura ba. Amma mutumin da idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya babu abin da ke wuce shi. Sarki ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya.

Ya ce, "Dattijo, na ga ka girgiza kai. Rigar ce ba ta yi maka ba?"

Barau ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, riga ta fi ƙarfin wuyana. Tsufa ne kawai."

Sarki ya ce, "Tsufa ba ya duban kara kafin ya girgiza kai. Faɗi abin da ke ranka, na ba ka izini."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, tun da ka ce in faɗa, da shawarata aka nema da ba a yi kiɗan nan ba."

Waziri Mu'allayiɗi, wanda mutum ne mai ladabi da iya lafazi, kuma yana ganin albarkar shawarwarinsa ce ta jawo wannan bunƙasa, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ba ya halatta a kafa wa ni'ima mugun baki a ranar da ta bayyana. Adadi ya yi magana a gaban jama'a, wanda ke da ja da shi kuwa wajibi ne ya kawo hujja, in ba haka ba ya zama mai jefa fargaba a zukatan bayin Allah ba da dalili ba."

Sarki ya ce, "Waziri ya yi gaskiya. Barau, na ba ka kwana uku. Ka zo mini da hujjar da ido zai gani cewa ɗari huɗu da goma sha biyu ba bushara ba ce. In ka kawo, za ka ga abin da zan yi maka. In ka kasa, a zuba wa wutarka ruwa."

Barau ya faɗi ya yi gaisuwa ya fita, rigar na naɗe a hammatarsa.

Kafin ya isa gida labari ya riga shi. Ya tarar da matarsa Tasalla tsaye a tsakar gida, ta bar tankaɗen da take yi, ta riƙe ƙugu.

Ta ce, "Malam, yanzu fisabilillahi me ya kai ka? An ba ka riga, ka karɓa ka ce an gode ka taho. Duk maƙeran da ke wurin ba su san abin da ka sani ba ne? Wa ka ga ya motsa kai? Saura kwana ashirin mu loda kayanmu mu haye kogi da wutarmu cikin kasko lafiya lau, shi ne ka je ka jawo mata ruwa."

Barau ya zauna a kan turmi ya ce, "Tasalla, wallahi ban san na girgiza shi ba. Na ga ana rawa ne a kan abin da ya kamata a yi kuka, sai wuyana ya riga ni."

Ta ce, "To sai ka je ka faɗa masa gaskiyar, ka tsira da wutarka."

Ya ce, "In na faɗa masa, na tona asirin duk wanda ya shigo maƙerar nan ya rage murya ya miƙo mini kara. Mutum nawa ne? Har da mijin ƙanwarki. Kin san Sarki, kafin in rufe baki ya sa an rufe ƙofofin gari."

Ta ce, "In ka yi shiru kuma fa?"

Ya ce, "In na yi shiru, wutar da mutum bakwai suka riƙe ta mutu a hannuna."

Tasalla ta dube shi, ta bar faɗan. Ta koma kan tankaɗenta, amma hannunta na yi ne kawai, garin na zuba a ƙasa ba ta lura ba. Shi kuwa ya shiga maƙera ya fito, ya shiga ya fito, ya ɗauki masaba ya ajiye. Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba tun da ya girma.

A fada ma babu kwanciyar hankali. Sarki ya aika a tambayi Barau ko hujja ta samu tun kafin la'asar ɗin ranar farko. Washegari ya aika sau uku. Ya kira Waziri ya sa aka sāke ƙidaya karan, aka sami ɗari huɗu da goma sha biyu, ya ce a sāke. Daga ƙarshe dai, kamar yadda duk wanda ya san shi zai zata, ya ce kwana uku sun yi yawa, ai ba rijiya ya ce a haƙa ba, a zo masa da Barau gobe da hantsi.

Barau ya zo ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, ni ba malami ba ne, ban iya jera magana ba. Ina roƙon a kwance dammunan karan nan a zube su a gabana, a kuma yi mini haƙuri in yi aiki da hannuna."

Aka kwance aka zube. Dattijo ya durƙusa ya shiga ɗauka ɗaya bayan ɗaya, ya auna da kamunsa ya jefa nan ko can. Sarki ya jure na ɗan lokaci, sannan ya sauko daga karaga ya shiga kewaya shi yana leƙe. Da aka gama sai ga tsibi huɗu, biyu manya, ɗaya madaidaici, ɗaya kuma ɗan mitsitsi.

Barau ya nuna madaidaicin ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan na garma ne da ƙananan gyare-gyare, kowane wata haka suke, a bar su a gefe." Ya ɗauko ɗan ƙaramin tsibin, gajerun kara masu kauri. "Waɗannan su ne awon ƙarfen da ke murje rake da auduga da gyaɗa. Inji ke nan na gaske, wanda ake haƙa masa rami a girke shi da dutse, ba ya tashi sai jikoki. Bara war haka nakan ga sittin ko saba'in. A ƙidaya waɗannan."

Waziri ya ƙidaya da kansa, ya ce, "Bakwai."

Barau ya jawo ɗaya daga dogayen ya ce, "Wannan kuwa kamu huɗu ne, awon sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun amalanke. Ga su nan, sun haura ɗari da hamsin."

Waziri ya yi murmushi ya ce, "Dattijo, da sannu. Amalanke ma ai kayan neman arziki ne. Ƙasar da amalanke ya yawaita a cikinta ƙasa ce da kaya suka yawaita, ana bukatar abin ɗauka. Wannan hujjata ce ka kawo, ba taka ba."

Barau ya ce, "Allah ya gafarta Waziri, haka ne in falke ne ya ce a yi masa. Amma masaƙi me zai yi da amalanke? Mai tatsar mai da bai taɓa mallakar ko bijimi ɗaya ba, ina za shi? Kuma a duba wannan." Ya cika tafinsa da kara daga tsibin ƙarshe, 'yan guntaye kamar yatsa. "Wannan awon bakin sifana ne, wadda ake kwance notin inji da ita. Mai inji ba ya ajiye ta a gida, domin in an ɗaure inji an ɗaure ke nan, in ya lalace mu ake kira. Shekarata sittin a bakin wuta, ban ƙera irinta ta kai ashirin ba. Wannan watan kaɗai ga abin da aka kawo wa maƙeran gari. Mutum ya nemi abin kwance injinsa, ya nemi abin ɗora shi, bai nemi sabo ba. Ranka ya daɗe, ba sai na ƙarasa ba."

Sarki ya tsaya cak. Ya ce, "Tashi za su yi."

Barau ya ce, "Ƙetaren kogi, kafin yankan rake."

Sarki ya ce, "Saboda me? Na ƙara musu haraji? Na ƙwace gonar wani? Wane zalunci na yi da za a bar mini gari a ɓoye kamar ana gudun annoba?"

Barau ya sunkuyar da kai ya ce, "Aron fada, ranka ya daɗe."

Nan ma sai na yi maka bayani, ya mai karatu. Shekara biyu kafin wannan, Sarkin Gandu, wato mai kula da gonakin sarki, ya ga cewa tun da kowane kara na ɗauke da shaidar gidan mai shi, ai fada ta san duk wanda ya yi sabon inji. Sai ya kawo shawarar a riƙa aron injin ana matse raken sarki da shi kwana goma na farkon yanka, don a girmama mai shi. Sarki ya amince tun kafin a gama faɗa masa, kuma har ga Allah yana ganin karramawa ce, ga shi ana ba mai injin goro da hula.

Barau ya ce, "Rake in an yanke shi, kwana biyu ne ya soma tsami. Mutum ya tara shekara biyar ya girka inji, ya ɗauki 'yan ƙodago suka yanke masa gona, sai ga bayin Sarki da amalanken rake sun ce aro. Wa zai ce wa fada a'a? Ya tsaya yana kallon injinsa da dokinsa suna yi wa wani aiki, nasa raken na tsami a rana, ƙuda na bi. Na ga magidanci ya zauna a kan irin wannan tsibi yana kuka kamar an yi masa mutuwa, da sabuwar hularsa a ka. Masu auduga da masu gyaɗa kuma suka ce yau rake ne, gobe su ne. Shi ya sa ma in Sarki ya duba dogayen karan nan da guntayen, zai ga babu shaidar kowa a jikinsu. Mutane sun daina sa suna."

Sarki ya ɗauki kara ɗaya ya juya shi, ya ɗauki wani, ya ɗauki na uku. Duk a goge suke. Kunya da fushi suka taso masa a tare, kuma fushin ne ya riga fita.

Ya ce, "Hujjarka ta tsaya. Amma saura abu ɗaya. Kara ba shi da suna, kai kuwa ka ga fuskar waɗanda suka miƙo maka. Faɗi sunayensu, in sa a tsare ƙofofi a dawo da su in yi musu magana. Ka faɗa, wutarka ta tsira."

Abin da Barau ya kwana biyu yana tsoro ke nan, ga shi ya zo. Ya miƙa hannu cikin dogayen karan ya laluba, ya zaro ɗaya ya ajiye a gaban Sarki.

Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, suna ɗaya ne nawa na bayarwa. Wannan karan ni na yanke shi, amalanken nawa ne, yana bayan ɗakina ban gama haɗa shi ba. Masu ba ni aiki za su tafi, ni ma na yi niyyar bin su. Sauran kuwa amana ce, a bakin wuta aka ba ni. In na sayar da su don wutar ta rayu, to ban san abin da na raya ba. Ga ni, ga tulun ruwa a fada, Sarki ke da iko."

Sarki ya juya ya tafi har ƙarshen zaure, ya dawo, ya sāke tafiya. Babu mai iya ɗaga ido. Sai Waziri Mu'allayiɗi ya matso ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ni ne na ƙidaya karan nan wata uku ina yi maka albishir, ban taɓa tambayar ko na mene ne ba, saboda haka kunyar yau tawa ce kafin ta zama ta kowa. Amma ina roƙon a ji wannan daga gare ni. In aka rufe ƙofa, za a tsare jikin mutane na ɗan lokaci, sai dai daga watan gobe babu wanda zai sāke kai wa maƙeri kara na gaskiya, kuma abin da ya nuna mana ciwon yau shi za mu rasa. Mu zauna muna mulkin garin da ba mu san abin da ke zuciyarsa ba."

Sarki ya daɗe a tsaye, kuma waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa ganin ya daɗe haka bai motsa ba. Sannan ya hau karaga ya ce a rubuta. An soke aron fada daga yau, raken sarki ya bi layi ya biya ladan matsa kamar na kowa. Kada a sāke kawo kara fada sai an kankare shaidar mai shi. A riƙa ware shi iri-iri kafin a ƙidaya. Ƙofofin gari kuma su zauna a buɗe, mai son tafiya ya tafi da kayansa, kada a tambaye shi.

Ya dubi Barau ya ce, "Dattijo, wutarka ta tsira, babu mai taɓa ta. Yanzu sai ka je ka wargaza amalanken nan."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ba zan yi wa Sarki ƙarya ba bayan na faɗa masa gaskiya mai ɗaci. Zan ƙarasa haɗa shi in ajiye. Mun sha jin doka da safe a warware ta da yamma. Ni da sauran mutane za mu zuba ido mu ga yankan rake ya wuce."

Fadawa suka yi ca za su tsawata masa, Sarki ya hana su. Maganar ta soke shi, amma ya san ba ƙazafi ba ce.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi tsanani a rayuwar Tanimu, domin an ɗora masa aikin da bai iya ba, wato jira. Da wata ya kama aka kawo kara, sai ga shi tamanin da ɗaya, na inji a ciki huɗu. Ya ji kamar ya tuɓe wani, ko ya kafa wata sabuwar doka, ko dai ya yi wani abu. Sau biyu yana kiran magatakarda, sau biyu yana sallamarsa bai ce a rubuta komai ba. Wasu mutanen kuwa tafiyarsu suka yi, ana gaya masa amalanke kaza ya fita ta ƙofar kogi da inji a kwance a kai, ya hau soro ya bi su da kallo har su ɓace, ya sauko bai ce a tare su ba. Da yankan rake ya zo Sarkin Gandu ya shigo hankali a tashe, ya ce raken fada na nan a layi bayan na wani talaka, har ya soma tsami. Sarki ya ciji leɓe ya ce, "A bar shi a layin." A shekarar nan kashi ɗaya cikin uku na raken sarki shanu aka zuba wa, kuma duk garin ya gani.

Wata na biyu na inji suka zama goma sha ɗaya. Sarki ya ce wa Waziri, "Wannan bushara ce?" Waziri, wanda ya koyi darasi, ya ce, "Wata ɗaya ba ya shaida, ranka ya daɗe, mu ga na uku."

Safiyar ƙidayar wata na uku maƙera suka zo da dammunansu, aka ware, na inji suka kai talatin da takwas, na amalanke kuma suka koma 'yan kaɗan irin na fatake. Ana cikin haka sai Barau ya matso da wani kara a hannunsa wanda bai sa cikin dami ba, gajere, an haɗa uku an ɗaure don a nuna kauri, ga shaidar gidansa a tsage a jiki ɓaro-ɓaro.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, na san doka ta ce a kankare suna, amma wannan ina so a gan shi da sunana. Jiya na kai wa masu narka tama awonsa. Sabuwar uwar maƙera ce nake so su zuba mini, wadda ake dukan ƙarfe a kai, ta wuce ta kakannina girma sau biyu, don aikin da ke zuwa ya fi ƙarfin tsohuwar. Na riga na haƙa mata rami kusa da wutar."

Sarki ya karɓa ya jinjina, ya ce, "Nauyinta fa?"

Barau ya ce, "Ƙarti takwas ne za su shigo da ita, ranka ya daɗe. Babu amalanken da zai iya fita da ita."

Sarki ya riƙe karan nan da hannu biyu, idanunsa suka kawo ruwa a gaban jama'a, bai kuwa ɓoye ba. Ya sa aka naɗa wa Barau rawani, ya ɗora shi a kan ware kara da fassara shi a kowane wata, ya ba shi doki da gida kusa da maƙerarsa, ya kuma ce tamar da za a zuba uwar maƙerar daga fada za ta fito. Barau ya karɓi rawani da doki da gida, amma ya roƙi a bar shi ya sayi tamarsa da guminsa, domin in Sarki ne ya saya, karan ya daina ba da labarin komai. Sarki ya yi dariya ya ce an bar masa.

Sannan ya umarci magatakarda ya rubuta wannan a saman ƙofar zauren ƙidaya, domin wanda zai gaje shi ya riƙa gani: talaka ba ya girka abu mai nauyi sai a ƙasar da ya amince za a bar masa shi, saboda haka sarkin da ke son sanin adalcinsa kada ya tambayi masu yabonsa, ya dubi abin da mutanensa suka yarda su kafa wanda ba za su iya gudu da shi ba.